Darasi na 14: Rubuta Tsawon Lokaci

Mun riga mun koyi duba agogo. Yau za mu koyi rubuta tsawon lokaci. "Ƙarfe biyu" dabam, "awa biyu" dabam, kada mu gama su.

A cikin kwamfuta da wayar hannu akwai agogon ƙidaya. Mu kan rubuta masa tsawon lokacin da mu ke so, shi kuwa ya yi ta ragewa har ya kai sifiri, sa'an nan ya yi ƙara.

Awa 1 minti 60 ce. Minti 1 kuma sakan 60 ne. Wannan ƙirga ta sittin-sittin gado ce daga mutanen Babila, can ƙasar da yanzu a ke kira Iraƙi.

Yawancin na'urorin nan haruffan Turanci su ke ganewa: h don awa, m don minti, s don sakan. Awa ɗaya da rabi sai mu rubuta 1h 30m. Wasu kuwa gurbi uku gare su, awa a hagu, minti a tsakiya, sakan a dama, kamar haka: 01:30:00. A wayoyi da yawa lambobi daga dama su ke shiga. In mun buga 10, sakan 10 ke nan. Mai son minti 10 sai ya buga 1000.

To, ga inda a kan yi asara. A ce manoma huɗu sun yi tarayya a injin ban ruwa a fadama, kowa awa ɗaya da rabi. Ɗaya ya rubuta 1:30 kurum. Wata na'ura sai ta ɗauka minti 1 da sakan 30 ne, ta yi ƙara tun ruwa bai kai kan tumatir ba. Wannan da sauƙi, don nan da nan za a gane.

Na ɗigo ya fi muni, gama ba ya nuna kansa. 1.5h minti 90 ne, daidai. Amma 1.30h minti 78 ne kawai. Wanda ya rubuta haka ya rage wa gonarsa minti 12, alhali kuɗin mai ɗaya su ka biya. Ban ruwa biyar, awa guda ta tafi.

A ganinmu gara a bar ɗigo. Mu mai da duka minti, mu rubuta 90m, mu karanta abin da agogon ya nuna kafin a ta da inji.

Aiki: Awa 2 da kwata minti nawa ne? Ku rubuta shi da h da m, ku kuma rubuta shi a gurbi uku.