Darasi na 14: Daɗin Riba da Zafin Hasara

Wani manomi daga Wurogauri ya kai albasa kasuwar Gwandu. Yana sa ran za a sayi kwandonsa naira 5,000. Aka saya 6,000. Ya komo gida yana murna. Maƙwabcinsa ma ya kai nasa kwandon, shi yana sa ran 7,000. Shi ma aka saya 6,000. Ya komo ransa a ɓace.

Kuɗin ɗaya ne. To, me ya raba su? Tsammani ne ya raba su.

Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne. Kullum ƙwaƙwalwa tana auna abin da muka sa rai da abin da muka samu. A cikinta akwai wani sinadari mai suna dofamin. Shi ne kamar manzo mai kai labari daga wani sashe nata zuwa wani.

Wani masani Bajamushe, Wolfram Schultz, ya yi gwaji da birai a ƙasar Suwizalan. A 1997 shi da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gano. In an ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki ba zato, ƙwayoyin da ke fitar da dofamin sai su zabura. Sai aka riƙa kunna fitila kafin a ba shi ruwan. Da ya saba, ganin fitilar kaɗai ke zaburar da su. Ran da aka kunna fitila kuma aka hana ruwan, sai suka yi lakwas. Watau ƙwaƙwalwa tana cewa, "Na yi kuskuren tsammani, bari in gyara." Ta haka take koyo.

Amma riba da hasara ba nauyinsu ɗaya ba. A 1979 wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna hasara ta fi riba nauyi a ran mutum. Daga baya suka kimanta kusan ninki biyu ne. Wanda ya yar da naira 1,000 yakan ji zafi fiye da daɗin da zai ji in ya tsinci 1,000. Mun san wannan tun da. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wannan tsoro yana da amfani, yana kuma da lahani. A damunar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a fadamun Kebbi. Manomin da ya yi irin wannan hasara, in ya koyi raba shukarsa, wata a tudu wata a fadama, ya ci ribar hasararsa. In kuwa ya daina noma gaba ɗaya, tsoro ya cuce shi sau biyu.

Ku dubi ɗan caca. Yakan ci jefi jefi, ba ya sanin ranar. Wannan cin na ba zata shi ke zaburar da dofamin. In an cinye shi, zafin hasara ya sa ya koma don ya fanshe. Haka har akuya ta tafi, gona ta bi ta.

Yanzu mu dawo ajinmu. Ka rubuta sunanka a allo, malami ya ce harafi ɗaya ya karkace. Ka ji kunya a gaban 'ya'yan cikinka. Wasu a nan suke barin aji. Kada ka bari. Wurin da aka gyara maka, nan ne ƙwaƙwalwarka ta sami sabon abu. Goge, ka sake rubutawa nan take. Da koyo akan iya. Kai kuma da ke gefe, kada ka yi wa ɗan'uwanka dariya. In ya yi daidai, ka ce masa madalla.

Tambayoyi
1. Me ya sa manomi ɗaya ya yi murna, ɗaya ya ji haushi?
2. Me ya faru ran da aka hana biri ruwa?
3. Me ke mai da ɗan caca wurin caca?

Aiki: Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: riba, hasara, gyara.