Wasa Bayan Faɗa

Karatu: II Sama'ila 2:12-32, Zakariya 8:1-8, Matta 5:21-26

Faɗa ya kan ƙare, amma tsoro ya kan daɗe cikin gari. Soja su tafi, a buɗe kasuwa, a sāke rufin ɗakunan da aka ƙone, duk da haka mutumin wannan unguwa ba ya yarda dare ya same shi a waccan. Mutanen Jos sun san wannan tun daga rikicin 2001, da na 2008, da na 2010. Mutanen Kaduna kuma sun san shi tun daga na 2000, sa'anda Kirista da yawa suka koma kudu da kogi, Musulmi da yawa suka koma arewa. Yaran da aka haifa bayan haka wadansu sun yi girma ba su taɓa shiga gidan juna ba. Abin da suka sani game da ɗaya gefen labari ne kaɗai, labarin kuwa ba mai daɗi ba ne.

Cikin darasin wannan wata za mu duba ko wasa, kamar su ƙwallo da kokawa da tsere, yana da abin da zai yi wajen gyara irin wannan zama, mu kuma ga inda ƙarfinsa ya tsaya.

1. Wasa biyu cikin Littafi Mai Tsarki

Na fari yana cikin II Sama'ila sura 2. Bayan mutuwar Saul ƙasar ta rabu biyu. Abner da mutanen gidan Saul suka gamu da Yowab da mutanen Dawuda a tafkin Gibeyon, waɗannan suna zaune a wannan gefe, waɗancan a wancan. Abner ya kawo shawara samari su tashi su gwada ƙarfi, aka fid da 12 daga kowane gefe. Kowa ya kama kan abokin karawarsa ya soke shi da takobi, duka 24 suka fāɗi tare. Daga nan yaƙi ya ɓarke. Kafin a rabu, mutum 360 sun mutu a wajen Abner, 20 a wajen Dawuda, har da Asahel ƙanen Yowab. Yowab ya riƙe abin a zuciya, daga baya ya kashe Abner a Hebron (3:27). Da sunan wasa aka fara, amma kowa ya shigo fili da takobinsa da ƙiyayyarsa.

Na biyu yana cikin Zakariya sura 8. Ubangiji ya yi alkawarin komo da zaman lafiya a Urushalima bayan rushewa da bauta, ya ba da alama biyu: tsofaffi za su zauna a dandali da sandunansu, yara maza da mata za su cika hanyoyi da wasa. Kowace uwa ta san gaskiyar wannan. Ran da gari ba lafiya, yara a ke fara kira su shiga gida. Ran da uwa ta bar ɗanta ya tafi filin ƙwallo na wata unguwa ba ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe ba, lafiya ta komo.

2. Abin da wasa ke iya yi

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Wahalar ita ce, bayan an zub da jini ba wanda ya ke da dalilin taka ƙafa zuwa wajen ɗaya. Wasa ya kan ba da wannan dalili. Saurayin da ba zai je gaisuwa ba zai je ƙwallo, ba kuwa wanda zai ce ya ci amanar danginsa.

Cikin fili kuma doka ɗaya ce a kan kowa. Manzo Bulus ya tuna wa Timothawus cewa mai tsere ba ya samun lada sai ya bi ƙa'ida (II Timothawus 2:5). Minti 90 mutanen da suka daina amince wa juna suna biyayya ga alƙali ɗaya da usur ɗaya. Ana kā da mutum ya tashi, a ci shi ya haƙura, a ƙarshe a yi hannu. Wannan makaranta ce ga matasan da suka saba ganin an rama kowane laifi da wuta.

Ƙasarmu tana da shaida. Sakkwatawa da Kabawa sun yi shekaru masu yawa suna gāba tun zamanin jihadi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi ya tarye shi da gasar kamun kifi a kogin Matan Fada. Daga nan bikin Argungu ya kafu, ana su, ana tseren kwalekwale, ana kokawa da dambe, jikokin masu yaƙi suna kallo tare. Ku lura da yadda abin ya bi: manya suka fara shiryawa, wasa ya zo ya kai shirin ga talakawa, ya kuma sa ana tunawa da shi.

Haka kuma bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A shekarar da yaƙin ya ƙare aka kafa ƙungiyar ƙwallo ta Rangers a Inugu, tsakiyar ƙasar da yaƙi ya ragargaza. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fara bikin wasanni na ƙasa a Ikko domin matasan jihohi duka su sadu. A 1980 Christian Chukwu na Rangers shi ne kyaftin sa'anda Nijeriya ta ci Aljeriya 3-0 ta ɗauki kofin Afirka, mutanen arewa da na yamma suka yi ta tafa wa mutumin gabas, shekara 10 kaɗai bayan an ajiye bindiga.

3. Inda ƙarfin wasa ya tsaya

Ƙasar Kodebuwa, yamma da Gana, ta rabu biyu da yaƙi a 2002, 'yan tawaye suna riƙe da arewa, gwamnati da kudu. A watan Oktoba na 2005 ba a shirya ba tukuna, sa'anda 'yan ƙwallon ƙasar, mutanen arewa da na kudu tare, suka ci Sudan 3-1 suka sami shiga gasar kofin duniya karo na fari. Didier Drogba da abokansa suka durƙusa a ɗakin sāke tufafi, ƙasa duka tana kallonsu a talabijin, suka roƙi a ajiye makamai. A 2007 aka sa hannu a takardar sulhu, a watan Yuni kuma aka kai wasa garin Buwake, hedkwatar 'yan tawaye, aka ci Madagaska 5-0, sojan gefe biyu suna cikin fili ɗaya.

Amma gardamar sarauta, da ta gonaki, da ta wane ne ɗan ƙasa, suna nan ba a warware ba. Bayan zaɓen 2010 faɗa ya sāke tashi har zuwa Afrilu 2011, mutum wajen 3,000 suka mutu. Ƙwallo ta sa an zauna wuri ɗaya, ba ta iya yanke shari'a ba, ba ta iya sāke zuciya ba.

Ubangijinmu Yesu Kristi ya koya mana cewa wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ko yana gaban bagadi ne, sai ya fara zuwa su shirya. Idan baiko a Haikali bai ɗauke wa mutum wannan tafiya ba, balle wasa. Zakka bai tsaya ga cin abinci tare da Yesu ba, ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace riɓi huɗu (Luka 19:8). Gonar da aka shiga, da shanun da aka kora, da kwanon rufin da aka kwashe, ba a biyansu da kofi.

4. Shawara ga Ekklesiya

Allah ya danƙa mana hidimar sulhu (II Korinthiyawa 5:18), don haka ya kamata masu bi su riga tashi. Ikilisiyar da ke so ta shirya wasa bayan rikici ta kiyaye waɗannan:

(a) A fara zuwa wurin mai unguwa, da liman, da iyayen yara na gefe biyu. Kada a sa rana sai sun yarda.

(b) Kada a ce Kirista su kara da Musulmi, ko wannan kabila da waccan. Wannan tafkin Gibeyon ne. A gauraya su, har mai tsaron gida ya zama daga wannan unguwa, masu tare masa daga waccan.

(c) A zaɓi fili a kan iyaka, da alƙalin da kowa ya amince da shi. A kauce wa lokacin sujada ran Lahadi, da sallar Juma'a, da ranakun azumi.

(d) Kada a sa kuɗi mai yawa, kada a yarda da caca ko giya, kada a ba 'yan siyasa fili su yi talla.

(e) Abin da aka faɗa wa iyaye za a yi, shi za a yi. Idan an ce wasa, kada a mai da shi tarkon wa'azi. Riƙon amana shaida ce mai ƙarfi ga sunan Kristi.

(f) Kada a tilasta wa wanda aka kashe masa ɗa ko miji ya zo ya yi dariya. A je gidansa a zauna da shi.

(g) A tuna da 'yan mata, gama Zakariya ya ambace su. A maimaita wasan kowane mako, domin rana ɗaya ba ta haifar da abota.

Bayan watanni, sa'anda samari sun san sunan juna, lokacin aiki mai wuya ya yi: a kai ta'aziyyar da ba a kai ba, mai laifi ya faɗi laifinsa, a mayar da kayan mutane, a nemi gafara, a kuwa yafe kamar yadda Allah ya yafe mana cikin Kristi. Idan Ekklesiya ta tsaya a bakin fili, ta yi rabin tafiya ke nan.

Tambayoyi domin bincike

1. Me ya mai da wasan Gibeyon yaƙi?
2. Wace unguwa ce yaranku ba su zuwa, don me?
3. Akwai kayan wani da ke hannun ɗan ikilisiyarku tun ran rikici? Wa zai yi masa magana?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka kawar da takobi daga zukatanmu, ka ba mu ƙarfin zuwa wurin maƙwabcinmu, ka cika hanyoyin garinmu da muryar yara. Amin.