Darasi Kan Kalmar "Endow": Kyautar Da Ba Ta Ƙarewa

Darasinmu na wannan mako a kan wata kalmar Turanci ne, wato "endow", domin takan fito a takardun da masu hali ke sa wa hannu sa'ad da za su ba da dukiya saboda Allah.

Asalinta daga Latin ne, inda "dos" ke nufin dukiyar da amarya ke tahowa da ita gidan miji, kusan abin da muke kira gara. Daga nan ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarni na 14. Da tafiya ta yi tafiya, sai ma'anarta ta faɗaɗa, ta koma keɓe gona, gida ko kuɗi domin makaranta ko asibiti, a riƙa cin amfaninsu, uwar dukiyar kuwa tana nan daram. Haka kuma Bature kan yi amfani da ita ga wanda Allah Ya yi wa baiwar basira ko murya.

To, a nan ne ta sha bamban da "donate". Wanda ya ba masallaci buhun gero, an ci ya ƙare, wannan shi ne "donate". Wanda kuwa ya tsayar da gonar da geron ke fitowa, shi ne ya yi "endow". Saboda haka ne masu fassara ke kiran wakafi, ko hubusi, "endowment".

Mu Musulmi abin ba baƙo ba ne gare mu. An ci Haibara a shekara ta 7 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya sami wata gona a can, Manzon Allah (SAW) ya shawarce shi ya tsare asalinta, ya yi sadaka da amfaninta. Umar ya shar'anta kada a sayar da ita, kada a kyautar, kada a gada.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka sa hannu, duba wace kalma aka rubuta. In wakafi kake nufi, kada ka dogara da kalmar kaɗai: a rubuta sharuɗɗan a fili, a nemi shaidu, don kada magada su yi rigima bayan ranka.

Allah Ya sa mu dace, amin.