Nasiha ga Mai Tafiya Ngazija

Ɗana, tunda ka ƙudura yin hutunka a Ngazija, babban tsibirin ƙasar Komoros, zauna mu yi magana kafin ka ɗaure kaya.

Na san dutsen Kartala ne ya ja ka. Tsayinsa mita 2,361, kuma bai daina aman wuta ba: a 1977 narkakken dutse ya malalo ya cinye gidaje a ƙauyen Singani, a 2005 kuma toka ta rufe gonaki ta ɓata ruwan sha. Saboda haka kada ƙuruciya ta sa ka hau kai kaɗai. Nemi ɗan gari ya yi maka jagora, ku tashi da asuba, ka tafi da rigar sanyi, don can sama ba zafin bakin teku ba ne. Takalmi kuwa mai kaurin ƙasa, baƙin dutsen nan yanka yake kamar aska.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne maganar ruwa. Ana ruwan sama sosai, amma ƙasar shanyewa take yi nan take, babu kogin da ke gudu duk shekara. Yawancin ƙauyuka ruwan sama suke tarawa a tankunan siminti. In an ba ka buta ko bokiti, ka san daga ajiyar gida aka ɗebo, ka yi tattali.

A birnin Moroni ka ga tsohon masallacin Juma'a, fari fat a bakin tashar jiragen ruwa, wanda ake danganta gininsa da shekarar 1427. Mutanen Shafi'awa ne. Za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi alƙunutun asuba bayan ruku'u; bi shi kawai, ba gyara aka kira ka ba. Daga nan ka leƙa kasuwar Volo Volo ka sayo wa mahaifiyarka kanumfari da turaren ilang-ilang. Matan da suka shafa farin kwaɓin sandal a fuska, ado ne da maganin rana, kada ka ɗaga musu waya sai da izini.

Arewacin tsibirin akwai tafkin gishiri cikin ramin tsohon dutse, da farin yashin Mitsamiyuli. Sha kallo, amma kai da ba ka iya iyo ba, ruwa ya tsaya maka a gwiwa.

Ka sa tafiyar tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin da ruwan sama ya lafa. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.