Sharar Gonar Dankali Ba Da Wuta Ba

Ƴan'uwa manoman ƙasar Gidan Rumji da Tibiri da ƙauyukan bakin Gulbin Maradi,

Kowace shekara, da lokacin sharar gona ya zo, sai hayaƙi ya turnuƙe ko'ina. Mutum ya sare sabara da kalgo ƙasa-ƙasa, ya tara kara da ganye, ya ƙyasta ashana, wai yana gyara wa dankali wuri. Haba jama'a! Ƙasar nan amana ce Allah ya ba mu. Ku ɗauke ta kamar tsohuwar uwa wadda ta goya ku, ta shayar da ku, yanzu ƙarfinta ya ragu. Ganye da karan da ke kwance bisanta su ne zanenta, kuma su ne abincinta. Wane ɗan kirki ne zai tuɓe wa uwarsa zane ya cinna masa wuta, ya bar ta a rana da iskar hunturu, sannan ya komo da la'asar yana miƙo ƙwarya a ba shi fura? Tokar da kuke taƙama da ita, iska ce ke kwashe ta kafin ruwan fari. Abin da ya saura rairayi ne, dankalin da za ka tona a cikinsa kuwa bai wuce yatsa ba.

Dattawa ba su manta farin 1984 ba. A waɗancan shekarun ne aka fara sassaben zamani a jihar Maradi: a zaɓi tohon kututture biyu ko uku masu ƙarfi, a aske sauran, a bar waɗanda aka zaɓa su girma. Mutanen Ɗan Saga ta ƙasar Agye sun riƙe shi, sai da baƙi suka riƙa zuwa kallo. In inuwa kuke tsoro, gawo ma kaɗe ganyensa yake yi da damina, bai hana shuka rana. Mai sare shi ba shi da hujja, ko gaban ma'aikatan gandun daji ko gobe kiyama.

Sauran aikin kun san shi. A zuba takin gida wanda ya ruɓe, a yi huɗa da galma, kunya ta yi tudu. A yanko yaɗo mai lafiya kamar kamu guda, a binne gaɓa biyu ko uku da yamma, lokacin da ƙasa ke da laima. In kunya ta tsage a rufe, don ta nan ƙwaro ke shiga. Wata uku zuwa huɗu sai tono.

Wanda ya ga maƙwabcinsa zai sa wuta bana, ya hana shi. In ya ƙi ji, a sanar da mai gari.