Kumfar Feshi a Rufin Kwano: Maganin Zafi ko Sabon Ciwon Kai?

Duk wanda ya taɓa yin rana a ɗakin kwano a Kwaciri cikin Afrilu ba sai an yi masa bayani ba. Zafin Kano kan haura digiri 40, kwano ya ɗauka ya juye maka a ka. Shi ya sa wasu masu gini suka fara maganar kumfar feshi.

Mece ce ita? Sinadarai biyu ne, isosayanet da foliyol. Ana haɗa su a bakin bututun feshi, su kumbura nan take, su manne a bayan kwano. Dangin soson katifa ce, wato foliyuretan. Iri biyu ce: mai buɗaɗɗun ƙofofi, mai laushi da shan ruwa, da mai rufaffun ƙofofi, wadda ta fi tauri da tsada. Sirrinta iskar da ke kulle cikinta. Ƙarfe na wuce da zafi da ƙarfin kusan 50 W/mK, ita kuwa mai taurin wajen 0.025. Ga rage ƙarar ruwan sama.

To, ina matsalar?

Na farko, yoyo. Idan kwano ya huje a damina, ruwa zai maƙale tsakanin kumfa da katako ba ka gani, sai katakon ya ruɓe. Gara ma ta samu maɓoya. A Ingila wannan ya sa wasu bankuna ke ƙin ba da rance kan gidan da aka fesa wa rufi, don ba a iya duba katakon.

Na biyu, wuta. Foliyuretan na ci, hayaƙinsa kuma guba ne. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san ba wasa ba ne, balle yadda wayoyin lantarkinmu ke bi ta cikin silin barkatai.

Na uku, kuɗi. Sinadaran daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Kuma in ta kama, cire ta aiki ne ja.

Shawarata, a fara da mai sauƙi: a shafa wa kwano farin fenti ya mayar da hasken rana, a sa silin, a bar kafar da iska mai zafi za ta fita. Kakanninmu sun gane wannan tuntuni. Ku leƙa Gidan Makama ku ji sanyin rufin azara da ƙasa.

In kuwa dole sai kumfar, a toshe yoyo tukuna, a gyara waya, a zaɓi mai tauri, a rufe ta da silin da ba ya cin wuta, mai feshi ya sa takunkumi, kuma kada kowa ya shiga sai ta bushe.

'Yan'uwa, gobe mu za a tambaya a wurin gini. Kafin ka ce wa maigida “a fesa”, hau ka duba rufin.