Shiyyar Juyi a Tsarin DNS: Wa Ke da Ikon Raɗa wa Adireshi Suna?

Aikin da aka fi sanin tsarin DNS da shi shi ne mayar da suna zuwa lamba. Wannan maƙala ta dubi kishiyar hakan ne, wato a ba tsarin adireshin IP ya faɗi sunan kwamfutar da ke riƙe da shi. An kira ma'ajiyar irin waɗannan amsoshi "shiyyar juyi" a nan, domin sai an juya lambobin kafin a yi tambayar. Alal misali, adireshin 192.0.2.7 kan koma 7.2.0.192.in-addr.arpa, a kuma ajiye sunansa a bayanin da ake kira PTR, kamar yadda takardar RFC 1035 ta 1987 ta shimfiɗa.

Babban abin lura shi ne, iko a kan wannan shiyya yana bin mai adireshi ne, ba mai suna ba. Hukumar IANA ke raba adireshi ga hukumomin nahiyoyi; ta Afirka ita ce AFRINIC mai mazauni a Morishus. Ita ke miƙa wa kamfanonin intanet kasonsu tare da shiyyar juyinsa. Saboda haka wanda ya sayi suna ya kafa uwar garken imel a gidansa ba ya iya rubuta PTR da kansa, sai kamfaninsa ya yarje masa. In babu PTR kuwa, manyan masu karɓar imel sukan ƙi wasiƙarsa ko su jefa ta cikin tarkace, shi kuma bai san dalili ba. Takardar RFC 2317 ta 1998 ta nuna yadda za a ba abokin ciniki ikon kason da bai kai adireshi 256 ba ta hanyar CNAME, don haka kamfanin da ya hana ba shi da uzuri ta fuskar fasaha.

Matsalar gida daban ce. Adireshin cikin gida, irin masu farawa da 192.168, an keɓe su ne a RFC 1918, kuma ba su da ma'ana a waje. Idan na'urar gida ba ta amsa tambayar juyinsu da kanta ba, tambayar kan tsallaka intanet a banza, har sai da aka kafa shirin AS112 don ya riƙa shanye ta.

A IPv6 kuwa, inda ake amfani da ip6.arpa, ƙaramin kason gida guda ya haura adireshi biliyan sau biliyan 18. Rubuta wa kowanne suna da hannu ba mai yiwuwa ba ne; ko dai a ƙirƙiri sunan a lokacin tambaya, ko a danƙa wa mai gida shiyyarsa.